Wasiƙa Zuwa Ga Masu Turkar Raguna A Madina

Daga Anbariyya, daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz, zuwa ga 'ya'yana da ƙannena masu turkar raguna a bayan garin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Bayan haka, na shaida kuna da himma, kuna share garke, ba ku kuma barin dabba da ƙishirwa a zafin Hijaz. Allah ya saka da alheri. Sai dai ba yabo ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Dalili shi ne wani rago Sawakini da maƙwabcina ya saya ana saura kwana biyar Salla, wanda tun daren farko ya daina tuƙa, ya tsaya yana cizon haƙora, cikinsa ya kumbura ta hagu, har ala tilas aka sa masa wuƙa tun ranar Arfa ba ta zo ba, layya ta faɗi. Da mahauci ya farka tumbin kuwa, ba mu ga komai ba face sha'ir tsagwaronsa, ya yi tsami kamar gasarar da ta kwana, ko sili ɗaya na tibin, wato busasshen karan hatsi, babu.

Ku sani, Allah ya halicci tumbin tunkiya domin kara da ciyawa, ita kuwa tuƙa ita ke kawo yawun da ke kashe tsamin ciki. Idan aka ɗura wa rago hatsi farat ɗaya, alhali bai saba ba, tsami ya rinjaya, daga nan sai zawo, sai zafin kofato da ɗingishi, wani lokaci ajali. Dusar alkama ma, in ta yi yawa, takan tara tsakuwa ta toshe masa fitsari.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ƙasar Kano ya yi turka, kuma tun kaka yake jera damman harawar wake da ta gyaɗa a kan soro. Wata huɗu yake yi da rago. Harawa ce abinci, dusa da angurya mahaɗi ne, da 'yar ƙwarya ake aunawa, ga kanwa a ruwan tsari. Kaico, yau mahaɗi ya zama tuwo! Wanda aka ce ya jira wata huɗu sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Na san hujjarku, cewa tun da hukuma ta taƙaita noman ɗanyar ciyawa a 2018 domin tsimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ciyawar barsim ta yi tsada. Gaskiya ne, amma tibin bai ƙare a kasuwa ba, ga kuma busasshen dabinon da ba ya sayuwa, ga ƙwallonsa, wanda Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su, ta riƙa ɗaukowa a ka daga gonar mijinta Zubairu tana dakawa domin dabbarsa a wannan gari, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wane ne a cikinku ya fi ta daraja, da zai ga daka ƙwallo ƙasƙanci ne? Kuma wanda ya sayar da rago yana sane da cutar da ke cikinsa ya yi algus, malamanmu na Malikiyya kuwa sun ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye aibinsa.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, tsufa ne da kishin sana'a. Roƙona dai, ku fara ba rago tibin da asuba kafin ya ga hatsi, ku raba sha'ir safe da yamma, kuna ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, gishiri da ruwa suna gabansa kullum. Wanda ke son ganin yadda ake jiƙa ƙwallon dabino kafin daka, ya same ni a masallacin Anbariyya bayan La'asar.

Haza wasalam.