Agogon Aljihu a Kan Sikeli

Duk lokacin da farashin zinariya ya tashi, tsofaffin agogunan aljihu sun shiga uku a kasuwannin Turai. Mai saye ya ɗora murfin a sikeli, ya biya kuɗin giram, ya miƙa wa mai narkarwa, kayan cikin kuma a watsa su a kwali. Mu dai ɓarna muke ganin wannan, domin abin da aka zubar ya fi abin da aka auna.

A cikin agogo akwai siririn ƙarfe da ake murɗawa ya naɗe. Da za a sake shi, nan take zai warware. Abin da ke riƙe shi yana sakinsa kaɗan-kaɗan, mai ƙarar tik-tik ɗin nan, shi ne linzamin agogo, kuma a kansa gwanaye suka yi ta gasa. Abraham-Louis Breguet, haifaffen Suwizilan mai shago a Paris, ya lura cewa agogon aljihu a tsaye yake wuni, nauyi na rinjayar linzamin gefe guda har lokaci ya kauce. Sai ya saka shi cikin ɗan keji mai juyawa a kai a kai, kuskuren kowane gefe ya soke na kishiyarsa. A 1801 aka ba shi takardar mallakar wannan dabara mai suna tourbillon.

Agogunan Breguet ba mai narkar da su, suna ya tsare su. Fargabarmu tana ga aikin maƙeran da ba a san sunansu ba. Zinariya har gobe ana haƙo ta a Obuwasi da arewacin Agadas, amma mai gyaran da zai kwance irin wannan linzami ya mayar da shi daidai, a garuruwanmu sai an yi cigiya, tun da waya ta maye gurbin agogo.