Kawu, idonka bai mutu ba, rubutun ne ya ƙanƙance

Watan jiya na raka kawuna wani kafe na intanet da ke kusa da kasuwar Nima domin ya cike wa autarsa fom. Tsohon direba ne, ya haura sittin, yana karanta Turanci daidai gwargwado, Larabci kuwa ba a magana. Mai kafen ya zuba sababbin kwamfutoci masu faffaɗan allo, irin waɗanda ake saye a Tip Toe Lane da ke Circle. Kawu ya zauna, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ja da baya, ya sake matsowa. Can ya ce mini, "Ɗana, zo ka karanta mini, idon nan ya mutu."

Ban karanta masa ba. Na danne maɓallin Ctrl, na taɓa alamar + sau uku. Rubutun ya tashi ya cika allon. Kawu ya yi shiru, ya karanta layin farko da bakinsa, ya juyo ya ce, "To dā ina suka ɓoye wannan?"

Na yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba. Bara a wani shafin daban, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ga 8 a matsayin 3 a ranar haihuwar yarinyar nan. Gyaran wannan lamba ɗaya ya ci masa makonni, da kuɗin takardar rantsuwa, da na trotro zuwa ofis da dawowa. Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa ya tsufa da kwamfuta.

Ra'ayina shi ne: yawancin dattawanmu da ke cewa ba sa iya karatu a kwamfuta, ba a gwada su da adalci ba. An ba su rubutu kamar ƙafar kiyashi, aka bar su suna zargin idanunsu.

Ga yadda abin yake. Hoton da ke allo ɗigo-ɗigo ne ƙanana, ana kiran su fiksel. Tsofaffin kwamfutocin nan masu ƙeya da muka saba gani a kafe suna da ɗigo 1024 a faɗi, 768 a tsaye. Na yanzu yawanci 1920 ne a faɗi, 1080 a tsaye. Idan mai gina shafi ya ce harafi ya zama ɗigo 12, to a sabon allo ɗigon sun fi matsuwa, sai harafin ya ƙanƙance. A kwamfutar cinya mai inci 15.6 da wannan yawan ɗigo, in ba a gyara saiti ba, harafin zai fi na tsohuwar ƙanƙanta. Sai ka ga allo faffaɗa kamar tabarma, dama fari, hagu fari, rubutu ya maƙale a tsakiya. Ko kuma layi ya miƙe daga wannan bango zuwa wancan, ka kai ƙarshe ka rasa inda za ka koma.

A ɓangaren ido kuma, daga wajen shekara 40 ganin kusa yake fara raguwa ga kusan kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019 kan gani, ta ce mutum wajen miliyan 800 ne ke da wannan matsala ba tare da sun samu tabarau ba. Ba sai na faɗa ba, Nima da Maamobi suna da rabonsu a ciki.

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare, su je asibiti a auna su a ba su tabarau. Na yarda, kuma na matsa wa Kawu ya je. Wani kuma zai ce yanzu kowa waya yake riƙe, wa ke ta kafe? Wanda ya taɓa zuwa Nima ranar da WAEC ta saki sakamako, ko lokacin da ake duba makarantar da CSSPS ta tura yaro, ya san amsar. Neman fasfo ma ta intanet ake farawa. Duk abin da ke buƙatar a cike, a duba, a buga a takarda, kafe ake kai shi. Kuma a nan ne uba ke miƙa wa yaron da bai san shi ba katin Ghana Card, da lambar waya, wani sa'in har da lambar sirri, don kawai ba ya ganin abin da ke gabansa. Yaran da yawa masu amana ne. Amma me ya sa mutumin da ya iya karatu zai zauna kamar baƙo a kan sha'anin gidansa?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu mun riga kowa sanin wannan. Shiga kowane masallaci a Zango da azumi, za ka ga dattijo ya zaɓi Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, ba wanda ya ce masa ya gaza. Malamanmu da ke rubuta allo sun san wasali in ya yi ƙanƙanta, karatu ya karkace. Hausar boko ma haka take: a ƙaramin rubutu wa zai raba ƙ da k, ko ɗ da d? Ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Amma da aka zo kwamfuta sai muka ɗauka yadda ta zo haka Allah ya yi ta.

Masu kafe nake fara kira, don gyaran a hannunsu yake kuma ko pesewa ba zai ci ba. Ctrl da + na ƙara girma, Ctrl da - na ragewa, Ctrl da 0 na mayar da shi yadda yake. A Windows akwai wurin saitin allo da ake ɗaga girman komai zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, sau ɗaya a yi a huta. In layi ya yi tsawo, a danna maɓallin Windows da kibiyar hagu, shafin ya koma rabin allo kamar littafi. A ware kwamfuta ɗaya ta dattawa, a rubuta waɗannan a takarda da manyan baƙaƙe a manna a bango, kusa da inda aka rubuta farashin fotokofi.

Masu gina shafuka kuwa, har da samarinmu da ke koyon sana'ar, su ma suna da nasu. Ƙa'idojin WCAG da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun ce ya kamata a iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin ɗari ba tare da shafi ya wargaje ba. Burauza da kanta daga ɗigo 16 take farawa, mai zane ne ke rage shi don ya ga shafinsa ya yi kyau. Ghana ta yi dokar masu buƙata ta musamman, Act 715, tun 2006, har ta ba masu gine-ginen jama'a shekara goma su gyara mashigarsu. Yau ƙofar ofis da yawa ta koma allo. Kafin ka miƙa aiki, kira mahaifiyarka ta zauna ta karanta. In ta matso da fuska, ba ka gama ba.

Kawu dai ya cike fom ɗinsa da hannunsa, ya duba ranar haihuwar har sau uku. Da za mu fita ya tsaya wajen mai kafen ya ce, "Yarona, wannan ta kusa da taga, kar ka taɓa mini ita, ran Litinin zan kawo Alhaji maƙwabcina."