Kafin A Ce Firinta Ta Lalace

A makarantunmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, firinta ba abar wasa ba ce. Don haka kuskure ne a jingine tsohuwa a sito don kawai ta fitar da rubutun shirme. Firinta mai haɗin RS-232, ƙa'idar da aka fitar a 1960, tana karɓar saƙo ne bit ɗaya bayan ɗaya. Idan kwamfuta na tura 9600 a daƙiƙa, firinta kuwa tana jiran 4800, harufa za su rikice. Maganinsa a daidaita saitin ɓangarorin biyu: sauri ɗaya, bit 8 na saƙo, bit 1 na tsayawa. A ganina, malamai su bar ɗalibai su gwada wannan da hannunsu, domin gani ya kori ji.