Daga Teburin Malam: Gwani a Hannun Sarki

A wannan wata muna so mu taɓa batun masu sana'ar hannu, da wanda ke duba aikinsu.

Kowa ya san abin da ya kawo kakanninmu Paraku da Jugu, wato fataucin goro. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ratso Nikki, ya yada zango a nan kafin ya wuce Gwanja. Kayan da suke ɗaukowa, turkuɗi da jar fata da kayan doki, sun yi suna ƙwarai. Wannan suna ba haka kawai ya samu ba. A biranen Hausa kowace babbar sana'a tana da shugaba wanda fada ta naɗa: Sarkin Maƙera, Sarkin Gini, Sarkin Dukawa da sauransu. Idan fadar Kano tana bukatar takubba, ko masu, ko ƙarfen ƙyauren ƙofar gari, ko mari na 'yan kurkuku, Sarkin Maƙera ne zai tara maƙeran birni da na ƙauye, ya raba musu aiki, ya tsaya a kai. In aiki ya ɓaci, ba a neman yaron da ya hura zuga. Shi ake kira.

Wanda ya fi shahara cikin gwanayen fada shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani na Zariya. Shi ya gina Masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya ɗaga bakan gizo irin wanda masana gini na Turai suka riƙa zuwa aunawa da zanawa. Sarautar ta zauna a zuriyarsa, har unguwarsu ta ci sunan. Amma a ji ƙarshen labarin kamar yadda ake ba da shi: wai bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ko haka aka yi ko ƙari ne, labarin ya nuna yadda mutane suka ɗauki zaman gwani a fada. Ana ba shi riga da rawani, amma hannunsa na sarki ne.

Sarakunan ƙasar Sin sun bi wata hanya dabam. Lokacin da Hongwu, sarkin farko na gidan Ming (1368 zuwa 1398), ya sa aka gina ganuwar birnin Nanjin, sai da aka buga suna a jikin tubalin: sunan hakimin da ya kula, da na mai gasawa, da na wanda ya kwaɓa. Tubali ya fashe, an san gidan da za a je. Tsoro ne ya sa aka rubuta sunayen nan, ba girmamawa ba. To amma ga shi bayan shekara fiye da 600 ana karanta su, alhali magina nawa suka yi ganuwar Kano ba wanda ya san sunansu?

Mu a nan Benin ba sai mun je nesa ba. Sarakunan Abome sun ajiye maƙeran gidan Huntonji da maɗinkan gidan Yemaje kusa da fada, suna yi musu aiki. Akati Ekplekendo, wanda ya ƙera mutum-mutumin Gu na ƙarfe a zamanin Sarki Glele, kamammen yaƙi ne. Aikinsa yana Faris, bai kuwa shiga cikin kayan tarihi 26 da Faransa ta maido a Nuwamba 2021 ba.

Yau ba mai tilasta wa gwani, alhamdu lillahi. Sai dai kuma ba mai tsayawa a kansa. Gwamnati tana ba da takardar CQM ga yaron da ya gama koyon sana'a, abu ne mai kyau, muna kuma roƙon iyaye su tura 'ya'yansu jarrabawar maimakon su tsaya ga bikin yaye kaɗai. Amma takarda tana shaidar mutum ne, ba ta bin zobe ko babbar riga zuwa kasuwar Arzeke. Wanda ya sayi munduwa da sunan azurfar Jugu, ta koma baƙa kafin wata ya ƙare, wa zai kai wa ƙara? Maƙerin kirki ne ke asara, domin shi ma za a daina yarda da shi.

Shawararmu ga maƙeran fari da masu ɗinkin hannu na zangunanmu ita ce kowa ya zaɓi alamarsa, ya buga ta a cikin zobe ko ya ɗinka ta a bakin aljihu. Shugabannin sana'a su buɗe littafi guda a Paraku, guda a Jugu, a rubuta alamar kowa da sunansa da na maigidan da ya koya masa.