Yadda muka sauya fankar hita a tsohuwar Fijon Kawu

Na san na yi muku alkawarin ci gaba da maganar shirin jarrabawa, to ku yi mini afuwa, yau labarin mota na kawo. Sai dai 'yan ajin kimiyya kada ku yi saurin juya shafi, domin darasin Fiziks ne ya zo muku jiƙe da baƙin mai.

Da muka samu hutun Disamba na tafi gida Tsanyawa. Kawuna yana da tsohuwar Fijo 504 mai dogon baya, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake jigilar fasinja a hanyar Kano zuwa Katsina, yau Bichi, gobe Dawanau idan an samu lodin hatsi. Kada ku raina irin motar nan. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a 1975 kuma kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Akwai lokacin da ita ce motar manyan jami'an gwamnati. Yanzu ta koma ɗaukar buhuna, amma har gobe tana tafiya.

Fankar hitarta ce ta mutu tun da damina. Kawu bai damu ba, wai a ƙasar da rana ke dafa ƙwai wa ke neman zafi? Sai da hunturu ya kankama. Wata rana da asuba ya ɗebi mutum bakwai, kowa ya rufe tagarsa saboda sanyi, gilashin gaba ya yi gumi ta ciki. Yana tuƙi da hannu ɗaya yana gogewa da ɗaya, sai ga amalanken shanu a gabansa, babu fitila babu komai. Allah ne ya kiyaye. Ga shi kuma ranar Litinin da sassafe zai kai Kaka ganin likita a Kano, ita kuwa ƙirjinta ba ya shiri da sanyi.

Me ya sa gilashi ke gumi? Numfashin mutane yana ɗauke da tururin ruwa. Idan ya taɓa gilashi mai sanyi sai ya koma ɗige-ɗigen ruwa, kamar yadda kuke gani a jikin kwalbar da aka fito da ita daga firji. Maganinsa iska mai ɗumi. Zafin kuwa kyauta ne: ruwan da ke sanyaya injin yana bi ta tiyo ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi ta bugi gilashi. Idan fankar ta tsaya, zafin yana nan amma babu mai turo shi.

Mai rewaya ya duba ya ce aikin yini guda ne, kuɗin hannunsa ma sai ya fi kuɗin fankar. Kawu ya juyo ya dube ni ya ce, "To injiniya, ba irin wannan ake koya muku a jami'ar ba?" Gaskiyar magana, ina aji biyu, abin da na fi gani shi ne lissafi a kan allo. Amma ƙannena suna tsaye, sai na ce, "Za a gwada, Kawu."

Kafin na kwance komai sai na fara da abin da ya fi sauƙi, wato fis. Na same shi a ƙone. Na sa sabo, na kunna, nan take ya sake ƙonewa. Kawu ya ce a naɗa masa waya mai kauri a huta, kamar yadda wasu direbobi ke yi. A nan kam na ƙi. An yi fis ne don ya mutu a madadin sauran wayoyi. Idan fanka ta cije ba ta juyawa, wutar da take ja tana ƙaruwa sosai, sai siririyar wayar cikin fis ta narke, wuta ta yanke. Ka maye gurbinta da mai kauri, to wayoyin bayan dashbod ne za su yi zafi, robarsu ta narke. Haka motoci da yawa ke kama wuta. Mutuwar fis sau biyu ta nuna mana inda cutar take.

Ranar Asabar da hantsi muka fara. Na cire kan batir, na ɓangaren da ke da alamar ragi, domin ba a sa ƙarfe cikin wayoyi alhali wuta na yawo. Injin kuma ya kwana bai tashi ba, saboda haka babu tsoron tafasasshen ruwa. Daga nan wahala ta fara. Wanda ya tsara wurin nan, ina jin akwatin hita ya fara ajiyewa, sannan ya gina sauran motar a kewayensa. Na cire rediyo, na cire ɗan akwatin ajiya na gaban fasinja, na zare bututun iska. Na tura kujera baya, na kwanta rigingine, kaina a inda ake taka ƙafa, ƙafafuna a sama, tocila a baki. Ƙurar shekara da shekaru ta riƙa zuba mini a ido. Na tsinci ɓawon gyaɗa, da tsohuwar sulalla ta naira ɗaya, da gidan ɓera cikakke wanda aka shimfiɗa da auduga.

Dabaru biyu suka cece ni. Duk abin da zan cire sai na ɗauki hotonsa da waya. Kusoshi kuma na jera su a kan kwali, na rubuta inda kowane ya fito. Roba mai shekara talatin ko arba'in ba ta son ƙarfi, da ka matsa sai ta ce ƙaras, kuma ba za ka samu irinta a shago ba. Na karya maƙali ɗaya kafin na koyi wannan.

Kusa ta ƙarshe ita ta kusa sa ni kuka. Ina jin ta da ɗan yatsa amma ba na ganin ta, sukudireba kuma ya yi tsawo, ba ya shiga. Na fi minti arba'in ina fama, bayan hannuna duk ya kurje. Ƙanwata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare tana tsugune tana riƙe mini madubin kwalliyar Inna don in hango lungun. Can sai ta ce, "Yaya, ka bari in gwada mana." Na ce ta rufa mini asiri. Kawu ya ce, "Ba ta, ai hannunta ya fi naka sirantaka." Muka ba ta guntun sukudireba, ta zura hannu har gwiwa, ta rufe ido tana lalube. Ko minti biyar ba a yi ba ta fito da ita. Har yau ba ta bar ni na sha ruwa ba a kan maganar.

Da muka buɗe fankar sai ga hoton littafin Fiziks a tafin hannuna: maganaɗisu biyu a gefe, naɗin wayar tagulla a tsakiya, da wasu 'yan duwatsun kabon biyu masu gogar zoben tagulla suna miƙa wuta. Tun 1821 Michael Faraday ya nuna a Ingila cewa waya mai ɗauke da lantarki za ta iya juyawa a kusa da maganaɗisu, kuma wannan dabarar ce ke cikin 'yar fankar mai aiki da bolt 12. Kabon ɗin sun cinye, sandar tsakiya ta bushe ta cije da ƙura, wayar ta yi baƙi tana warin ƙauri. Da kabon kaɗai ne da mun sauya su da ɗan kuɗi kaɗan, amma wannan ta riga ta ƙone.

Washegari na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar a leda, domin kayan tsohuwar mota ba a sayen su da kwatance. Sai a shago na biyar na samu wadda aka ciro daga wata Fijon. Na sa mai shagon ya jona ta da batir a gabana, ta juya, sannan na biya.

Ga inda na yi wauta. Bakin wayar ta kasuwa bai yi daidai da namu ba, sai na yanke na haɗa da hannu. Saboda ɗoki na mayar da komai, har da rediyo, kafin na gwada. Na kunna, ga ƙara tana tashi, iska kuwa kamar numfashin jariri. Na juya wayoyin biyu ne, irin wannan fankar kuwa idan aka juya mata waya baya take juyawa. Hoton da ke cikin wayata ya nuna kuskuren ƙarara. Haka muka sake kwancewa bayan sallar magariba, ni da ƙanwata da tocila, Kawu yana gefe yana ta "Sannu injiniya."

Ranar Litinin muka fito da duku-duku. Kafin mu kai Bichi gilashi ya washe tas, Kaka har ta sassauta mayafi ta ce a rage zafin. A kan kwalin nan kuwa kusa ɗaya ta rage, mun duba mun rasa wurinta. Tana aljihun ƙanwata, ta ce ladan aikinta ne.

Mako mai zuwa za mu koma kan jadawalin karatun jarrabawa, in Allah ya kai mu.