Ya kamata mai kwamfuta ya san inda hoton allonsa ke sauka

Mutane da yawa kan ɗauki hoton allo na rasit ɗin banki ko lambar NIN ba tare da sanin inda yake sauka ba. Wannan sakaci ne. A Windows, danna maɓallin Windows tare da PrtScn na ajiye hoton a foldar Screenshots cikin Pictures. Idan OneDrive na kwafe foldar, hoton ya hau intanet ke nan. A kwamfutar ofis kuwa, duk wanda ya zauna zai gani.

Gyaran ba wuya: a danna foldar da maɓallin dama, a shiga Properties, sai Location, sai Move, a zaɓi wuri na sirri. Rigakafi ya fi magani.