Zinariya ta tafi, guba ta zauna a kan ƴaƴanmu

Ƴan uwa talakawan bakin iyaka, manoma da makiyaya da masu haƙa,

A shekarar 2010, can ƙetaren iyaka a Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyaye na kawo dutsen zinariya gida, ana daka ana niƙa a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Dalma ce a cikin dutsen. Yaro ya kama jijjiga, a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wurin boka. Sai da likitocin MSF suka zo aka auna jini aka gane gaskiya.

Waɗanda suka mutu an ƙirga su. Waɗanda suka rayu fa? Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kuma abin da ta lalata ba ya komawa daidai. Yaro ya shiga lakwal ba ya riƙe karatu, ga saurin fushi, malam ya ce dolo ne, uba ya ɗauko bulala. Zaiba da ake ƙonawa don a ware zinariya ita ma haka: hayaƙinta na kawo rawar hannu, mantuwa da rashin barci, kuma tana isa ga ɗan da ke cikin ciki.

Yanzu haƙa ta zo ƙofarmu. Kun tuna Ɗan Isa a 2021, da rami ya rufta da mutane. Hukuma ta rufe wurin, aka yi ta'aziyya, kowa ya watse. Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar Minamata ta yaƙi da zaiba. To, a garinku, wa ya taɓa zuwa ya auna jinin yaro ɗaya?

Ba mu ce a hana haƙa ba. Mun san abin da ke fitar da saurayi daga gona. Amma mai sayen zinariya ya kan tafi da ribarsa, mutanen da kakanninsu suka sari garin su ake bar wa rijiya da ƙasa, kuma ba a shawarce su ba.

Muna neman a auna jinin yara kyauta a duk garin da ake haƙa, a fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, kuma kada a ba kowa izinin haƙa sai mai gari da mata da makiyaya sun ji sun yarda.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, har namu, ka tambaye shi wannan a gaban jama'a.